Ranar Da Kafaɗar Lorna Ta Ƙi

A ƙarshen watan Agusta ruwan kogin ya ja baya, duwatsun da suka yi wata biyu a nutse duk suka fito suna shan rana. Lorna Tafoya ba ta da lokacin da ta ƙi jini irin wannan. A watan Yuni, idan ƙanƙarar tsaunuka ta narke, ruwa ne ke ɗaukar jirgi, naka kawai ka saita masa hanci. Yanzu kuwa sai ka yi ta murɗa shi a tsakanin duwatsu kamar mai shigar da gado ta ƙaramar ƙofa, kuma duk murɗawar a kafaɗarta ta dama take ƙarewa.

Shekarunta hamsin da ɗaya, ashirin da shida daga ciki ta yi su ne a zaune a bayan jirgin roba, tana kai baƙi ta cikin kwazazzabon kogin. Sawu biyu a rana, kwana shida a mako, tun daga watan Mayu. Fatar hannunta ta yi kanta, ta tsattsage, ƙafafunta kuwa sun yi zanen igiyar takalmi wanda ko hunturu ba ya gogewa.

Wata ranar Alhamis, bayan sawun safe, tana zaune a kan kifaffen bokiti a inuwar rumfar kaya, ta watsa ƙwayoyin maganin ciwo biyu a baki ta kora da kofin da ya huce tun safe. Hoyt, tsohon da ke tuƙa bas ɗin kamfaninsu, ya zo wucewa da kankana a hammata, ya ja ya tsaya.

"Wannan na nawa ke nan yau?"

"Ka zama likita ne, dattijo?"

"Ni dai na ga kina cin su kamar gyaɗa."

"Je ka duba tayar akwalar motarka, jiya saura ƙiris ka zubar da mu a rami."

"Motata ta girme ki, kuma ta fi ki lafiya," in ji shi, ya wuce yana dariya.

Ƙarfe ɗaya baƙin rana suka iso, su goma sha biyu, jirgi biyu ke nan. Dell, mai kamfanin, shi zai ja na baya saboda ma'aikatansa biyu sun koma makaranta. Lorna ta raba musu rigunan ruwa da hulunan kwano da filafilai, ta bi kowa tana ɗaure masa riga tamau har sai ya yi nishi. Sannan ta tsaya a gabansu ta fara bayanin da ko cikin barci za ta iya yi, har da barkwancin da ke ciki, har da wurin da ake yin shiru don a ba mutane damar dariya.

"Idan kun faɗa ruwa, kada ku ce za ku tsaya da ƙafa. Ku kwanta rigingine, ƙafa a gaba. Idan na kusa da ku ne ya faɗa, ba hannunsa za ku kama ba. Ku damƙi rigarsa a kafaɗa, hannu biyu, ku faɗi da baya, nauyinku ne zai shigo da shi. Idan mijinki ne kuma, madam, kina da daƙiƙa uku ki yi shawara."

Aka yi dariya a inda aka saba yi. Wanda ya fi kowa ƙarfin dariyar wani ƙato ne ja wur, mai suna Garrett Pruitt, daga Texas. Tun a bas yake ba da labarin kogunan da ya taɓa shiga.

"Kyaftin," ya ce mata, "ni a gaba za ki sa ni. Wannan ruwan ai bai kai na wankan jarirai ba."

"To yallaɓai. Gaba ta hagu. Ka cusa ƙafarka a ƙarƙashin roba, kada ka zare ta sai na ce."

Matarsa Twila na biye da shi. Siririya ce, mai furfura kaɗan a goshi, ta zauna a layin baya kusa da Lorna, ta riƙe filafilinta yadda aka nuna mata.

Mil biyu na farko ruwan shiru ne. Daga nan bangayen dutse suka fara tashi hagu da dama, ja-ja baƙi-baƙi, har sama ta koma ɗan siririn ƙyalle, iska ta yi sanyi. Baƙi suka ɗaga kai suna ta mamaki. Lorna ba ta ɗaga ba, wuyanta ba ya son haka, kuma ta riga ta san abin da ke can. Ta ba su labarin masu haƙar zinariya, ta nuna musu dutsen da ya yi kama da kan kare, bakinta na magana, zuciyarta na lissafin gangara nawa suka rage. Suka wuce ta farko da ta biyu lafiya. A ta uku jirgin ya hau kan wani dutse ya maƙale, sai da ta sa kowa ya koma gefe ɗaya suna tsalle a zaune kafin ya zame. Da ta kafa filafili ta murɗa, wani zafi ya tsarga mata daga kafaɗa har yatsu. Ta cije, ta ce, "Madalla, haka ake yi."

Babbar gangarar ita ce wadda suke kira Injin Niƙa. Ruwan kogin duka yana matsewa ne ta tsakanin duwatsu biyu, ya faɗa ƙasa, ya yi ta tafasa fari fat. Ƙasa da ita kaɗan, ta hagu, akwai wani dutse mai kusurwa huɗu da ake ce wa Firji. Ruwa ya rarake ƙarƙashinsa, abin da ya shiga nan ba ya fitowa da wuri. A kan wani tudu kuma mai ɗaukar hoton kamfani yake zama kullum da lemarsa.

"Ku saurare ni," in ji Lorna. "Idan na ce gaba, gaba. Idan na ce ku durƙusa, ku durƙusa. Akwai mai hoto, amma ku manta da shi, shi aikinsa ne ya same ku."

Suka shiga daidai. "Gaba! Gaba! Da ƙarfi!" Hancin jirgin ya leƙa bakin gangarar. A daidai nan Garrett ya hango lemar, ya zare ƙafarsa, ya ɗan miƙe, ya ɗaga filafili sama da hannu biyu yana ihu. Jirgin ya faɗa, igiyar ruwa ta daki gefen hagu, sai ga wurin zamansa wayam.

Ya ɓullo a gefen jirgin, ruwa na jansa baya, bakinsa a buɗe, idanunsa sun firfito. Wannan ba sabon abu ba ne a wurin Lorna, ta tsamo mutane sun fi ɗari uku. Ta ajiye filafili, ta kifa cikinta a kan roba, ya zo daidai hannunta, ta damƙi rigarsa ta kafaɗa biyu, ta jefa jikinta baya.

Hannun dama ya buɗe. Ba ta ma ji zafi ba a lokacin, yatsun ne kawai suka saki kamar ba nata ba. Garrett ya fito har ƙirji ya koma. Ta sake miƙa hannun, ya tafi, ya taɓa rigar, ya ƙi rufewa. Da na hagu kaɗai take riƙe da shi, ƙaton mutum, ruwa na fizgarsa, ta ɗaga ido ta ga Firji na tahowa, kuma Garrett na tsakanin jirgin da dutsen.

Sai ta ji mutum a gefenta. Twila ce ta yar da filafili, ta durƙusa, ta cusa hannu biyu a ɗaya kafaɗar rigar.

"Ɗaya, biyu," in ji Twila, a hankali, kamar mai shirin ɗaga tukunya.

Suka faɗi baya tare. Garrett ya shigo ya danne su duka biyu, yana tari yana aman ruwa. Ba a yi numfashi biyu ba gefen jirgin ya daki Firji, daidai inda yake ɗazu, robar ta lanƙwashe ta yi ƙara, jirgin ya juya, ya zame, ya fita da baya. Lorna ta rarrafo ta ɗauki filafili, ta maƙale kansa a hammata, ta ja su da hannun hagu zuwa inda ruwa ya kwanta.

Garrett ya gama tarinsa ya fashe da dariya. "Kun gani? Kun ga yadda na tashi sama? Allah ya sa mutumin can ya ɗauka!" Sauran suka taya shi, suka haɗa filafilai sama suna shewa. Jirgin Dell ya sauko bayansu, ya ɗaga mata hannu yana tambaya, ta dafa hularta alamar lafiya lau.

Sauran mil huɗun da hagu ta yi su. Zafin ya zo daga baya, ya zauna. Ba ta ƙara ba da labarin komai ba, ba wanda ya lura.

A mafita Hoyt ya jera kankana da burodi da naman talotalo a kan tebur. Garrett na tsaye a tsakiya da tawul a wuya, yana ba mutanen ɗaya jirgin labari, har ruwan ya fara zurfi a bakinsa. "Kyaftin ɗin nan, hannu ɗaya ta sa ta fizgo ni kamar kifi!" Lorna ta yi murmushin da ake biyanta ta yi, ta koma bakin ruwa tana kwance igiya. Twila ta biyo ta da yankan kankana biyu, ta miƙa mata ɗaya ta ɓangaren hagu.

"Shekara goma sha tara ina aiki a gidan kula da tsofaffi," in ji ta. "Ɗaga mutane ne aikina, daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa banɗaki. Na san yadda hannu yake yi idan ya gama."

Lorna ta karɓi kankanar tana kallon ruwa.

"Ba zan faɗa wa kowa ba, 'yar uwa. Laifinsa ne, kin gaya masa. Shekara talatin ina gaya masa abubuwa." Ta ɗan yi dariya, dariyar ta mutu. "Amma da ni ma a gaba na zauna fa?"

"Na gode," in ji Lorna. Iya abin da ta samu ke nan.

Da la'asar, baƙi sun watse, tana tsoma rigunan ruwa a durom ɗin sabulu tana ratayewa ɗaya bayan ɗaya. Dell ya zo yana jan ƙafa, shi ma gwiwarsa ta daɗe da lalacewa, ya zauna a kan tirela yana cire takalmi.

"Mutumin naki ya sayi hoto shida," ya ce. "Wai zai manna a ofis."

"Ban iya tsamo shi ba, Dell."

"Kamar ya? Ai ga shi can ya tafi da ƙafarsa."

"Matarsa ce. Hannuna ya saki, sau biyu. Da ba ta taso ba, da yanzu muna can da igiyoyi muna jiran 'yan kwana-kwana."

Dell ya ajiye takalmin da ke hannunsa.

"Ƙato ne fa, Lorna. Ko ni sai na yi da gaske. Ki huta kwana biyu, ki sa ƙanƙara. Saura mako biyu a rufe aikin bana."

"Tun Yuli nake sa ƙanƙara."

"To wa zan sa? Ki gaya mini, wa nake da shi?"

"Ban sani ba. Ka rage jirgi ɗaya. Ni dai ka cire ni daga kwazazzabo, ka ba ni sawun sama."

Sawun sama shi ne inda ruwa yake a kwance, inda ake kai tsofaffi da masu tsoro, wanda ake ba sababbin ma'aikata a makonsu na farko. Dell ya buɗe baki zai yi mata tsiya kamar yadda suka saba shekara ashirin, ya dubi fuskarta, ya fasa.

"Na bana kawai?"

"Sai abin da likita ya ce. Amma kada ka sa rai."

Ya gyaɗa kai. Ya tashi ya karɓi sauran rigunan daga hannunta ya ci gaba da tsomawa. Ta ɗauka za ta ji baƙin ciki, ta jira baƙin cikin a mota duk tsawon hanyar gida, bai zo ba. Gajiya ce kawai, irin wadda ta daɗe tana tsaye a bakin ƙofa. Ko abinci ba ta ɗora ba, rana ba ta gama faɗuwa ba ta kwanta.

Washegari aka ba ta mata bakwai 'yan ƙungiyar coci ɗaya daga Kansas, ƙaramarsu ta haura sittin. Sun zo da hulunan rana da alewa a jaka, suna ta ba ta. Ruwan ya ɗauke su a hankali ta gefen gonakin ciyawa, shanu na kallonsu, filafilinta na kwance a cinya mafi yawan lokaci. Bayan awa biyu bangayen dutse suka bayyana a gaba, inda kogin ke shigewa, ana jin rurinsa daga nesa. Jirgin Dell ya zo ya wuce su da baƙinsa, suna ta ihu. Lorna ta karkata nata zuwa gaɓar yashi, inda sawun sama yake ƙarewa.

Wata tsohuwa mai gilashi ta nuna bakin kwazazzabon da haɓa.

"'Yata, can ciki fa, me ke akwai?"

"Duwatsu ne, Mama, da ruwa," in ji Lorna. "Ku sauka ta dama, a hankali, yashin yana da santsi."