Hular Lauya Thackston

Ina riƙe da kwandon wanki lokacin da Kanar Royce Dabney ya gama buga takardar a ƙofar gidan giya. Karatuna kaɗan ne, sai wani ya karanta da ƙarfi: "Lemuel Thackston maƙaryaci ne kuma matsoraci." Maza suka kwashe da dariya.

Lauya Thackston maƙwabcina ne, shekara goma sha ɗaya ina wanke masa riguna. Sau biyu mutanen gundumarmu suka tura shi majalisar jihar Kentucky, a karo na uku suka kayar da shi, ya dawo ƙaramin ofishinsa. Bayan mijina ya rasu, Kanar ya zo da wata taswira ya ce gonata tasa ce har bakin rafi. Lauya ya karɓi shari'ata, a gaban alƙali ya ce taswirar jabu ce. Washegari Kanar ya aika masa cewa su fita fili kowa da bindigarsa, taku goma a tsakani. Lauya ya ƙi. Shi ya sa aka buga takardar.

Na same shi yana shan kofi a tsaye.

"Lauya, sunanka na can a ƙofar gidan giya."

"Ya fi ni zuciya ke nan. Ni ban taɓa leƙa wurin ba."

"Ka daina wasa. Tsoro kake ji?"

"Ina ji mana, Orpha. Amma ba shi ne ba. Lauyan da ya fita irin wannan harbi, doka ta hana shi tsayawa gaban alƙali. Kanar ya sani. Ko ya kashe ni ko na kashe shi, ran Litinin da za a koma kotu ba ki da lauya."

Ran Asabar ranar kasuwa ce. Ina sayen gishiri na hango Lauya ya sauko daga doki, ƙura har gwiwa. Kwana uku ya yi a hanya bai gaya mini inda ya je ba. Kanar da ƙannensa biyu suka tare shi gaban shagon maƙeri.

"Ga matar gari ta dawo! Ina siket ɗinki, Lemuel?"

"Kanar, ba ni hanya. Mu haɗu ran Litinin."

Sandar Kanar mai kan azurfa ce. Bugun farko ya fasa masa gira, na biyu na ji ƙarar ƙashi daga inda nake. Ya faɗi a laka suka hau shi da takalma. Ƙaramin, Wade, ya zaro wuƙa ya soka masa sau biyu a ƙarƙashin haƙarƙari. Na yi ihu har muryata ta dushe. Maza sun fi arba'in a wurin, waɗanda Lauya ya fitar daga kurkuku ma suna ciki, babu wanda ya motsa.

Abin da ban gane ba a lokacin, bai kare kansa ba. Doguwar hularsa ya rungume a ƙirji ya kwanta a kanta.

Maƙeri ya ciro ƙyauren shagonsa muka ɗauko shi a kai zuwa gidana. Likita ya duba, ya wanke hannu, ya ɗauki jakarsa ya fita.

"Orpha, hular," in ji Lauya.

"Bar hula, ka sha ruwa."

"Ke dai ba kya jin magana. Duba ciki."

Lauyoyinmu a cikin hula suke ajiye takardu. Na zaro guda ɗaya mai jan hatimi. Kwafin asalin takardar gonar ce, ya je har babban birni ya samo. Jini ya taɓa gefenta kawai.

"Ki miƙa wa alƙali da hannunki. Kada ki ba akawu, surukin Kanar ne."

Ya cika ran Lahadi da safe ana kaɗa ƙararrawar coci.

Ran Litinin na shiga kotu da hular a hannu. Kanar yana zaune a gaba, sandar a kan cinyarsa. Na wuce akawu yana kirana, na miƙa wa alƙali. Ya daɗe yana karantawa. Gonar ta zauna a hannuna. Wade kuwa, masu yanke hukunci goma sha biyu suka ce faɗa ne na maza, aka sake shi kafin masara ta nuna.

Akwai rigunan Lauya uku a kwandona tun ranar da aka buga takardar. Babu wanda ya zo karɓa. Na wanke su ran Talata kamar kullum, na shanya a igiyar da ke tsakanin gidana da nasa, iska tana ɗaga hannuwansu.