Ɓaunar Baffa Manzur

Tun safe Baffa Manzur, yayan mahaifina, yake safa da marwa a rumfar lauyoyi ta kotun garin Jhang. Shayin da na sayo masa har ya huce.

"Baffa, don Allah zauna, kana sa ni jiri."

"In zauna? Riyasat zai kwashe min ɓauna, ki ce in zauna?"

Riyasat ɗan ƙanwar babar Baffa ne. Bara ya ba Baffa rancen rufi, kuɗin ƙasarmu, dubu ɗari biyu, ya sa shi ya dangwala yatsa a takardar alkawarin biyan dubu ɗari uku. Yanzu ya kawo ƙara. In muka faɗi, ɓauna biyun da gidan Baffa ke ci da nononsu za a sayar.

Na ce, "Saurara. Kariya ita ce ka ce abin da ke takardar nan ba haka yake ba: biyu ka karɓa, ba uku ba. Muna da shaida. Maganar nan kaɗai za ka faɗa."

"To gudummawar biki fa? 'Ya'yansa uku ya aurar, kowanne na kai kuɗi a gaban dangi. Ranar auren Nasrin ɗiyata ya zo hannu rabbana, ya cinye cinyar kaza, ya shafe gemu!"

"Wannan ba kariya ba ce, da'awa ce ta daban, kana cewa kai ma kana binsa. Ba ta goge yatsanka daga takarda. Kuma ban taɓa ganin kotu ta karɓo wa mutum kuɗin biki ba."

"Ke Shagufta, da kuɗin nonon nan aka yi miki karatun lauya."

Wallahi raina ya ɓaci, amma na haɗiye.

Da aka kira mu, sai na ga abin da nake tsoro. Riyasat ya ɗebo rabin dangi a mota, sun cika benci da rawunansu. Baffa ya dube su, ya gyara gashin baki.

Alƙali ya ce, "Dattijo, lauyarka ta ce ba duka kuɗin ka karɓa ba. Haka ne?"

Na taka masa ƙafa. Ina! A ƙauyenmu gara a ce ka ci bashi da a ce an yi maka wayo a gaban dangi.

"Ranka ya daɗe, ni Manzur ba a cuta ta. Abin da na dangwala wa yatsa na karɓa, duka. Amma a tambayi wancan ina gudummawata!"

Ya juya yana nuna Riyasat, yana lissafa bukukuwa har da cinyar kazar. Benci ya ɗauki dariya, Riyasat ya sunkuyar da kai. Alƙali kuwa rubutu kawai yake, ni na san me yake rubutawa. Dubu ɗari uku cif, da kuɗin shari'a.

A waje kuka nake son yi. Baffa ya kamo hannuna, fuskarsa fal murna.

"Kin ga yadda ya kasa ɗaga ido? To yanzu yaushe alƙalin zai sa ya biya ni?"

"Baffa, an gama, mun faɗi. Wa zai gaya wa Inna matarka ta daina ajiye wa masu sayen nono alkawari, ni ko kai?"