Aron Ba'amurke

A garinsu Nang Luding, can gaɓar teku a tsibirin Negros, duk farar fata mai dogon hanci Ba'amurke ne. Ba a ma wahalar da baki wajen cewa Amerikano, gutsure shi ake yi a ce Kano, kuma babu abin da ya haɗa shi da birnin da kuka sani. In dai mutum fari ne, to Kano ne, ko daga sama ya faɗo.

Tun da mijinta ya rasu Nang Luding take riƙe da ɗan kanti a ƙofar gida, tana sayar da gishiri da sabulu da busasshen kifi. 'Ya'yanta mata biyu duk a waje suka yi aure. Babbar, Marivic, ta auri Detlef, wani zabgegen Bajamushe mai gyaran injin sanyi. Ƙaramar, Jhoanna, ta je aikin jinyar tsofaffi a Sifaniya ta dawo da Wilmer, ɗan ƙasar Peru, gajere, wankan tarwaɗa, mai baƙin gashi a miƙe. In ya tsaya a bakin kasuwa ba ka raba shi da masu babur mai ƙafa uku. A shekarar nan duka suka zo bikin waliyyin gari, gida ya cika har ana kwana a falo.

Ana saura 'yan kwanaki biki, sai ga mai unguwa, Kapitan Dodoy, ya turo tumbinsa ta tagar kanti.

"Nang Luding, aro na zo."

"In kujeru ne, coci sun riga ka."

"Wa ke ta kujeru? Kanonki nake so. Bara ɗan majalisa ne ya ɗora wa sarauniyar kyau ta unguwar gaba kambi, har yau ba su bar mu mun huta ba. Bana Ba'amurke ne zai ɗora wa tamu. Har na sa an rubuta a ƙyalle."

Nang Luding ta leƙa tsallaken titi, inda maƙwabciyarta Nang Pacing ke shara. Matar nan ta ishi kowa da labarin ɗanta na Dubai. Nan take ta ce ta ba da aro, ba ta ko tambayi mai jikin ba.

Sai da aka zauna cin abincin rana ta faɗa. Detlef ya ajiye cokali, fuskarsa ta yi ja kamar dafaffen jatan lande.

"Nanay," ya ce, wato Inna da yaren garin, "sau nawa zan faɗa? Ni Bajamushe ne. Ban taɓa taka Amurka ba, ba ni kuma da niyya."

"To ai duk can ne," ta ce, ta wurga hannu wajen teku.

"Can ina? Teku guda ne tsakaninmu da su!"

"Mu ma teku ne tsakaninmu da tsibirin Cebu, ka ji muna ihu?"

Wilmer ya goge baki, ya gyara zama. "Nanay, ba sai an roƙe shi ba. Ga Ba'amurke a gabanki."

Ta leƙa bayansa. "Ina?"

"Ni mana. Peru a Amurka take, ta Kudu. Kakannina suna can tun ba a haifi kakan Kano na farko ba. Waɗancan da kuke nufi ƙasa ɗaya ce tak, suka naɗe sunan nahiya sukutum suka zuba a aljihu."

"Ɗan nan, ci shinkafarka. Kai da jiya wata ta tsayar da kai ka kai ta kasuwa."

"Har kwando ya riƙe mata," in ji Jhoanna, tana ƙunshe dariya.

Detlef ya girgiza kai. "Ku Tagalog ba ku da..."

Nang Luding ta buga tebur har miya ta fantsama. "Wane ne Tagalog? Ka taɓa jin na yi yaren mutanen Manila a gidan nan? Mu Bisaya ne!"

"To ai duk nan ne," in ji Detlef, shi ma ya wurga hannu.

"Wannan daban," ta ce, ta janye farantin kifi daga gabansa.

Ba irin dabarar da ba ta yi ba a kwanakin da suka biyo. Ta yanka masa mangwaro, ta yi masa kukan marigayi, ta sa Marivic ta daina yi masa magana. Da ƙyar ya yarda zai je ya zauna, amma ya rantse ƙafarsa ba za ta hau dandamali ba. Ita kuwa ta ƙudura a ranta cewa in aka kira shi a gaban jama'a, kunya za ta ɗaga shi. Ba ta lura Wilmer ya goge kwat ɗin aurensa ba.

Ranar biki da la'asar filin ƙwallon kwando ya cika maƙil. An zaunar da Detlef a sahun gaba, ana yi masa fifita. Wilmer kuwa yana shigowa mai lasifika ya miƙa masa wayar lasifikar ya ce, "Abokina, riƙe min nan." Da yake mutum ne mai ladabi, ya riƙe.

Kapitan ya hau ya yi ta zuba, daga ƙarshe ya ce, "Yanzu sai babban baƙonmu, wanda ya taso takanas daga Amurka!"

Ido ya koma kan Detlef. Detlef ya harɗe hannu ya kalli sama. Wilmer ya saki waya ya nufi dandamali, ɗan sintiri ya tare shi da sanda.

"Masu kwashe kujeru sai an tashi."

Nang Luding ta ji kamar ta shige ƙarƙashin benci. Ga Nang Pacing a gefe tana kaɗa mafici a hankali, bakinta har kunne.

Abin da ya ɗaga Detlef ba kunya ba ce. Shi dai a duniya ba ya iya zama ana yin abu ba daidai ba. Ya miƙe, ya ture sandar, ya ja Wilmer har sama, ya karɓe lasifika daga hannun Kapitan.

"Jama'a, ni ba Ba'amurke ba ne. Ga Ba'amurke nan na gaskiya. Shi zai ɗora."

Ya danƙa wa Wilmer kambi. Can wata tsohuwa ta ɗaga murya daga baya.

"Kai, wannan Kano da sauƙin kai yake! Direbansa ya bar wa!"

Tafi ya ɓarke kamar ruwan sama a kan kwano. Kapitan har da share ƙwalla. "Kun ga halin Amurkawa ko?"

"Jamus!" Detlef ya daka tsawa. "Jamus!"

"Sunan garinsu ke nan a can," Kapitan ya yi wa jama'a bayani.

Sarauniya ta fi Wilmer tsawo, ga takalmi mai tsini, sai da ta rusuna ya ɗora mata. Ya karɓi lasifika don ya warware zancen nahiya, amma yana gyaran murya makaɗa suka ɗauka waƙa zai yi, suka saki kiɗa. Wilmer kuwa ba a saka masa kiɗa ya ƙi. Ya rufe ido ya kama wata waƙar soyayya ta ƙasarsu da Sifaniyanci. Tsofaffin mata suka dafe ƙirji.

"Irin ta wasannin soyayya na talabijin! Ashe ɗan Meksiko ne!"

Ya tsaya a tsakiyar waƙa ya ce, "Peru!"

A yaren garin, in ka ce haka kamar ka ce "amma" ne. Jama'a suka yi shiru suna jiran sauran maganar.

"Amma me?" wani ya tambaya.

Wilmer ya koma waƙarsa. Sai da suka sa ya ƙara wasu.

Washegari kanti bai huta ba, kowa sai ya zo sayen ashana ya yi barka. Nang Pacing ma ta zo, fuska a ɗaure, ta ce ashe har ɗan Meksiko gare ta ta ɓoye wa mutane.

Surukan biyu, da a da gaisuwa kawai ke haɗa su, suka zauna a gindin mangwaro da tulun bammin kwakwa. Detlef ya ɗauki tsinke ya zana duniya a ƙasa, Wilmer yana gyara masa gaɓar Peru, suka kira Nang Luding ta zo ta gani da idonta. Ta sunkuya ta duba da kyau, ta ce a nuna mata Negros. Detlef ya ɗiga ɗan ɗigo.

"Wannan? Duk raken da muke nomawa? Ba ka iya zane ba."

Ta ɗauko tsintsiya ta share, ta ce sun tare wa masu ciniki hanya. Da ta shiga ciki ta sauke tukunya, sai ta leƙo ta taga.

"Kano! Meksiko! Abinci na hucewa."

Suka kalli juna. Ƙamshin soyayyen kifi ya iso gindin mangwaro. Wilmer ne ya fara tashi, Detlef ya ɗauki tulun ya bi bayansa.