Murhun Don Anacleto

Shekara tara Don Anacleto Tzoc ya yi yana jagorantar shirin raba murhu mai bututun hayaƙi a ƙauyukan kan dutse da na kwari. Tarin da hayaƙi ke jawowa ne ya yi ajalin mahaifiyarsa, kowa a ma'aikatarmu ya san haka. Da gwamnati ta ce a auna amfanin kowane shiri kafin a tsara kasafin baɗi, sai aka ba ni nasa. Ni Rosaura, wadda shi ya koya wa aiki.

Gida ɗari biyu da goma na shiga cikin wata biyu. A yawancinsu murhun na nan sanyi ƙalau, an jibga masa buhun masara, wuta kuwa tana ci a ƙasa tsakanin duwatsu uku.

Na tambayi wata tsohuwa mai saƙa, Doña Petrona, dalili.

Ta ce, "Yana dafa wake, 'yata, ban musa ba. Amma ba ya ɗumama ɗaki. Mu nan sanyi ke fara kayar da mutum, hayaƙi sai ya bi layi."

"Me ya hana ku faɗa, Doña?"

"Wa ya tambaye mu? Hoto suke zuwa ɗauka, mu kuma mu washe musu baki."

Na rubuta abin da na gani. Kafin in miƙa rahoton, na kai wa Don Anacleto shi a ofishinsa. A tsaye ya karanta shi har ƙarshe, sannan ya cire tabarau ya zauna.

"Da ƙafarki kika shiga gidajen?"

"Dukansu, Don Cleto."

"Babu inda ya yi amfani?"

"Gida arba'in da ɗaya, a kwari, inda ake zafi. Can yara sun rage tari sosai."

Ya ce, "Kada ki sassauta ko kalma ɗaya don ni. Amma mutanen kwarin nan, kada ki bar su a shafin ƙarshe."

Aka rufe shirin a kan dutse, aka bar na kwari, ragowar kuɗin aka mayar wa ƙananan asibitoci. Ma'aikatansa goma sha huɗu suka rasa aiki, wasunsu har yau ba sa amsa gaisuwata.

Shi kuwa ya yi ritaya, ya kama ɗaki a ƙauyen Doña Petrona ana tsakiyar sanyi, shi da wani magini, suna neman murhun da zai fitar da hayaƙi ya kuma ɗumama ɗaki. Murhu uku suka gina, matan ƙauyen suka ƙi dukansu. Ranar da na kai masa ziyara na same shi durƙushe, yana kwaɓa ƙasar na huɗu.