Dasashin Magini

Tsohon malamin kimiyya ya leƙa buhun simintin da mijin 'yarsa, magini, ya ajiye a tsakar gida. Mushen maciji ne a ciki, bai kai kamu biyu ba, launin ƙasa, da zane kamar kibiya a kansa. Kububuwa. Shekara talatin ya yi yana zana ta a allo, ɗalibai na hamma.

"Yaushe ta sare ka?"

"Jiya da hantsi, Baba, ina ɗaga bulo. Na ji kamar ana goga takarda, sai caf a yatsa." Magini ya yi dariya. "Kunama ma ta fi ta zafi. Na ɗaure, na tsotse, shi ke nan."

"Wannan ƙarar, ai ɓawon jikinta take gogawa. Ta fi ka ladabi, sai da ta yi sallama."

"Baba, don Allah kada a fara darasi," in ji 'yarsa. "Ga shi garau, ya ci abinci har da ƙari."

Garau ɗin ne ya tayar masa da hankali. Gamsheƙa ce mai kayar da mutum da wuri. Kububuwa ba ta gaggawa: dafinta hana jini daskarewa yake yi, mutum na yawo yana raha, cikinsa na yoyo kamar tsohon rufi.

"Asibiti za mu, yanzu."

"Yau muke zuba kankare, Baba. Leburori goma na jirana."

"To buɗe baki in ga dasashinka."

Magini ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya. Ya wage wa surukinsa baki?

"Haba, Baba."

"Kunya ba ta tsayar da jini. Ke, shiga da shi ɗaki ki duba."

Ta ja hannun mijin tana tsokana. "Zo nan, sarkin jarumai, mu ga haƙoran."

Malam ya zauna kan benci. Duk rayuwarsa ba abin da yake so irin a ce ya yi gaskiya, ga shi yau yana roƙon Allah ya kunyata shi. Daga ɗaki dariya na fitowa. Can sai ta yanke.

'Yar ta fito, kan yatsanta ja da jinin dasashinsa, mayafi a baibai.

"Baba, kwana ɗaya da saran ya yi yawa?"

Ya san abin da littattafai suka ce, har da shafin. Ya miƙe yana laluben makullin mota a aljihu.

"Fito da shi. Kada ya taka, ni da ke za mu ɗauke shi."