Warin Man Rake

Sannu-Sannu ake ce masa a tasha, don ba a taɓa ganin ya wuce wata mota a kan titi ba, sai dai wadda ta lalace. Fasinja mai sauri ba ya shiga tasinsa sau biyu. Tsofaffi da masu ciki da masu ɗauke da kiret ɗin ƙwai kuwa, shi suke nema.

Da can ba haka yake ba. Mashayi ne, kuma duk unguwa ta sani, don a gaban kowa ya taɓa tura motar cikin kwata da rana tsaka, ya fito yana ba kwatar haƙuri. A lokacin matarsa na da tsohon cikin autarsu. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta bari ya yi barci ya farka, sannan ta ce, "Baban yara, duk ranar da na sake jin warin nan a jikinka, ba sai mun yi magana ba." Ya daina. Ga auta nan har ta shiga sakandare, bai sake bin ko layin da mashayar take ba.

Ana nan sai fetur ya ɓace. A rediyo wasu suka ce jiragen ruwan da ke kawo shi ne ba su iso ba, wasu suka ce matatar man ce ake gyara, wani kuma ya rantse cewa akwai mai isasshe, mutane ne suka cika saye. Layin gidan mai ya miƙe har ya sha kwana ya wuce makarantar firamare. Mai shayi ya dawo da teburinsa bakin layin, mai aski ya biyo shi da kujera. Sannu-Sannu ya yi kwanaki yana tura mota da kafaɗa, kullum yana matsawa tsawon mota ɗaya ko biyu, sai la'asar ta yi a ja ƙofa a ce ya ƙare.

A layin ne bakanikensa ya same shi, zaune a kan but ɗin motar yana korar ƙuda.

"Kai har yanzu fetur kake jira?" in ji bakanike. "Mutane sun koma man rake."

"Rake kuma? Wanda ake sha?"

"Shi. A masana'anta suke matse shi su dafa, ya zama mai. Itanol suke ce masa a rediyo. Zan canja maka tiyo da robobi, in ɗan buɗe mata wajen shan mai. Da safe za ta yi maka gardama kafin ta tashi, kuma tana zuƙarsa fiye da fetur. Amma babu layi."

Babu layi ɗin nan ne ya shiga kunnen Sannu-Sannu. Suka tura motar gareji, bakanike ya wuni a cikin injin, ya tsiyaya masa ɗan guntun fetur da zai kai shi, ya kwatanta masa gidan man da ke bayan masana'antar.

Da gaske babu layi. Mai zuba mai ya buɗe tanki ya danna bakin tiyo, sai iska ta kaɗo. Hancin Sannu-Sannu ya gane abin tun kafin kansa ya gane. Ya ji yawu ya taru masa a baki. Ya haɗiye, ya ja da baya, ya tsaya yana karanta allon da aka rubuta a kashe inji kamar bai taɓa ganin irinsa ba.

"Malam, me ka ce sunan wannan?"

"Man rake."

"Ni da wani suna na san shi."

"Ba a sha," in ji mai zuba mai, ko ɗago kai bai yi ba. "An gauraya shi da fetur. Wani ya gwada, yana asibiti."

Ya sa aka cika masa jarka ma, don wurin da nisa. Garin ɗaga ta zuwa but murfin ya goce, man ya kwararo masa a wando har cikin takalmi.

Ranar ya yi aiki kamar shi kaɗai ke da mota a garin. Da yamma ya shiga gida da fara'arsa, riƙe da ledar lemo. Matarsa tela ce, tana bakin ƙofar ɗaki a kan keken ɗinki, tana kalmasa bakin wata riga. Ya yi sallama ya matso, sai keken ya tsaya.

Ta zare rigar, ta yanke zaren, ta ninke ta, ta rufe keken da ƙyallensa. Ta shiga ɗaki ta fito da mayafi da ƙaramar jaka.

"Abincinka na kicin. Auta, ɗauko kayan makarantarki."

"Maman yara, motar ce."

"To."

"Wallahi motar ce."

"Na ji. A gaishe ta."

Suka fita. Ya tsaya a tsakar gida da ledar lemo a hannu. Sai a lokacin ya sunkuya ya shinshina wandonsa, ya ga ko shi ne ita, tafiyar zai yi.

Washegari da hantsi ta dawo, amma ba ita kaɗai ba. Yayanta ne a gaba, tsohon ma'aikacin gidan waya wanda tun da ya yi ritaya ba shi da aikin da ya fi so kamar sasanta mutane. Ya zauna a kujerar da ta fi kyau, ya jingine sandarsa, ya saurari kowa. Sannan ya kira Sannu-Sannu da hannu.

"Matso. Hura min."

Ya hura. Yaya ya lumshe ido, ya daɗe yana nazari.

"Ni fa ban san warin abin ba," ya ce. "Albasa na ji."

"Yaya, mu je wajen motar kawai," in ji Sannu-Sannu.

Suka fita ƙofar gida su uku. Ya buɗe murfin tanki ya koma gefe. Yaya ya leƙa ramin da ido ɗaya, ya ce duhu ne. Matar ta sunkuya ta ja numfashi sau ɗaya, ta miƙe tana toshe hanci da bakin mayafi.

"Wato yanzu kun zama ku biyu," ta ce.

Ya yi musu bayanin layi da bakanike da jarka, har wandon ya ɗauko daga kan igiya. Yaya ya tambaya ko motar na tangaɗi idan ta sha. Aka ce ba ta yi. Ya tambaya ko tana faɗa da sauran motoci. Nan ma aka ce a'a. Ya buga sanda a ƙasa ya ce to shi bai ga laifin kowa ba, ƙanwarsa ta koma ɗakinta, a kawo masa shayi.

Ta dafa shayin, amma jakarta tana nan a bakin ƙofa ba ta kwance ta ba. Da Yaya ya tafi, ta zauna a kan kujerar ɗinki ta fuskanci mijinta.

"Na yarda motar ce," ta ce. "Jiya motar ce. Gobe fa? Duk shekarun nan ban taɓa bin sawunka ba, ban taɓa tambayar kowa inda ka wuni ba. Ka shigo, in ji warin gumi da fetur, in ci gaba da ɗinkina. Yanzu kullum da wancan warin za ka riƙa shigowa. Ta yaya zan bambance naka da na mota?"

Ya buɗe baki zai rantse, sai ya fasa. Ya zauna a dokin ƙofa yana murza makullin mota.

"Jiya da aka buɗe famfon nan yawuna ya tsinke," ya ce. "Ban zaci abin yana nan ba. Yana nan."

Ta dube shi. Ya ga tsoro a fuskarta, irin wanda ko ranar kwata bai gani ba, ya ji da ma ya yi shiru. Amma bai janye maganar ba.

"In ce wa bakanike ya mayar da ita ta fetur?"

"Ka koma layi kana korar ƙuda, mu ci me? Zare?" Ta dubi makullin da ke hannunsa. "A cikin motar kana jin warin?"

"A'a. Sai wajen zubawa."

"To ni zan riƙa kai ta."

"Ba ki iya tuƙi ba."

"Ƙafa ce da hannu. Shekara nawa ina taka keke?"

A filin ƙwallon makarantar firamare suka fara, bayan an tashi yara. Ta zauna a kujerar direba ta ƙanƙame sitiyari kamar za a ƙwace. Ya nuna mata birki da totur da kuloci.

"Yanzu taka kuloci, ki sa giya."

Ta juyo ta dube shi.

"Ta mota," ya ce. "Sunanta ke nan, ba ni na raɗa mata ba."

Motar ta yi tsalle ta mutu, ta sake yin tsalle ta mutu. A karo na gaba ta tashi, ta nufi ragar gola. Ya ce birki, ta taka totur, don a wajenta ƙafar dama aikinta ɗaya ne, ta sa inji ya yi gudu. Ragar ta tsira da ƙyar. Ya sauko ya zagaya motar, ya ga babu abin da ya same ta, ya dawo ya ce a sake.

Kafin ta samu lasisi shi ke tuƙa su har kusa da masana'antar, ya sauka wajen mai gyaran taya ya jira, ita ta ƙarasa da motar cikin gidan man a giya ta ɗaya, motar na ta ƙugi. Ita ke riƙe jarka, ita ke ɗaure murfi. Don haka ita ta koma shigowa unguwa da warin a bakin zane.

Ba a daɗe ba maƙwabciyarsu ta kawo ɗinki, ta zauna tana ta jan hanci. Da za ta tafi ta kama hannun matar ta rage murya. "'Yar'uwa, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Bawan Allahn nan ya sha wuya kafin ya daina. Kar ke kuma ki jawo masa."

"Na gode," in ji matar. "Ina ƙoƙarin ragewa."

Da ta ba shi labarin da yamma, Sannu-Sannu ya ƙware da ruwa, sai da ta bubbuga masa baya.

Da lasisi ya fito, sai ya zamana ita ke fita da motar da sassafe ta sha mai, a hanyar dawowa ta kwaso mata 'yan kasuwa da kwandunansu. Su suka fi son tuƙinta, don tana isar da su kafin a kama wuri. A tasha aka ba shi labarin an ga tasinsa ya wuce tirela a kan gada. Ya ce ba shi ba ne. Suka ce sun sani.

Daga baya fetur ya dawo, mai shayi ya mayar da teburinsa inda yake da. Bakanike ya tambaya ko a mayar da tsofaffin tiyon. Sannu-Sannu ya ce sai ya tambayi Maman yara, ita kuma ta ce a bar mata motarta yadda take.

Wata safiya yana tsakar gida yana wanke fuska, ya ji ƙarar ƙarfe a waje. Ya fito ya tarar ta shigo da motar, madubin gefe yana lilo a jikin waya, ginshiƙin ƙofar ya ɓantale. Tana zaune a ciki, hannu biyu a kan sitiyari, ba ta kalle shi ba.

Ya duba madubin, ya duba ginshiƙin, ya auna tsakaninsu da tafin hannu.

"Ƙofar nan ta yi ƙunci," ya ce.

Da rana ya ɗauko magini a motar, suka rushe ginshiƙin, suka matsar da shi gefe.