Haƙuri Ba Ya Cikin Takwas

"Riƙe masa kai, Mma Alima, kar ya ƙware," in ji Nusrat, tana hura kokon da ke cikin cokali.

Na riƙe. Mutumin da a da in ya shigo layinmu yara ke gyara wuyan riga, yau ga kansa a tafin hannuna bai fi ƙwarya nauyi ba. Ya kurɓi kaɗan ya kau da fuska, idonsa na kan labule, don ya ji sallamar baƙi a tsakar gida.

Bango ɗaya ya raba ɗakina da na Ticha Misbahu a gidan hayarmu na Zango, saboda haka babu tarin da zai yi ban ji ba. Shi ne hedimastan firamaren bayan kasuwa har ya yi ritaya. Abin da aka san shi da shi kuwa maganar basira takwas ce, wadda ya dawo da ita daga wani kwas. Wai wani masani ya ce basira ba iri ɗaya ba ce: akwai ta harshe, ta lissafi, ta kiɗa, ta motsa jiki, ta sanin mutane, da sauran da ni ban riƙe ba. Tun daga nan ba mai kiran yaro daƙiƙi a gabansa. Yaron da ke damun aji da buga tebur, da bugun teburin ya koya masa lissafi. Wanda ba ya iya zama wuri ɗaya kuwa sai ya tura shi wurin masu shanu ya dawo ya ba aji labari.

Ɗana Kassim na cikin waɗanda ya tsamo. Kowa ya fid da rai da shi, Ticha ya ce basirarsa a hannu take, a bar shi da katako. Yau yana da shagon kafinta a unguwar Atonsu. Ina faɗin wannan ne don kar a ce ba ni da godiya. Ina da ita, amma ina da ido kuma.

Baƙin suka shigo, tsofaffin ɗalibansa ne, da ledar lemu da burodi. Ciwon ya shanye masa ɓarin dama, maganarsa na fita a karkace, amma da ya gan su sai ka ce an kunna fitila.

"Fadil," ya ce, yana nuna wani dogo mai aiki a gidan rediyo. "Harshe."

"Ticha bai manta ba," in ji Fadil, yana dariya. "Da ba don kai ba da yanzu ina tura baro a kasuwar Kejetia."

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa da tasa. Nusrat na tsaye bakin ƙofa da robar da ta goge masa jiki a ciki, tana jiran su matsa ta wuce. Ita ce babbar 'yarsa. Ta faɗi jarrabawa tana budurwa, kuma da kunnena na ji ya ce kanta dutse ne, a nan gindin famfo, mata na wanki. A lokacin bai je kwas ɗin ba. Amma ya je ya dawo, ya tsufa yana raba wa 'ya'yan mutane basira, bai taɓa waiwayar maganar nan ba. Da ciwo ya kwantar da shi, ita ta rufe shagonta a unguwar Ash Town ta dawo tana kwana a tabarma gefen gadonsa. Ƙaninta Abdul'aziz, mai basirar lissafi, yana Accra yana bugo waya.

Da baƙi suka fita, bakina ya ƙi zama.

"Ticha, ka ba kowa tasa. Nusrat fa, wacce ce tata?"

Ya ƙura wa rufi ido, kamar mai duba takardar jarrabawa.

"Nusrat tana da haƙuri," ya ce.

"Haƙurin yana cikin takwas ɗin?"

"A'a. Ba ya ciki."

Mutum ne da bai iya ƙarya ba, ko ta minti ɗaya don sanyaya ran 'yarsa. Na ce masa, to sanin mutane fa, ba ka ce basira ba ce? Wa ke raba faɗan famfo a gidan nan ba tare da kowa ya ji an kayar da shi ba? Wa ke duban fuskar mace ta san ba ta ɗora tukunya ba yau, ta aika mata da kwano a ɓoye?

"Wannan halin mata ne kawai, Alima," in ji shi, ya lumshe ido.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na fito na iske Nusrat a bakin kwata, ta riga ta zubar da ruwan amma tana nan tsaye da robar a hannu. Labule ba ya tare magana.

"Mma, bar shi koraa, bar shi gaba ɗaya," ta ce. "Ni yarinya ce da zan jira a ba ni maki?"

Na ce to. Ta ɗauraye robar, ta sake ɗaurayewa.

"Da ya ba ni ko ta ƙarshen ce," ta ce a hankali. "Ko wadda ba mai so."

Bayan ƙaramar Sallah ciwon ya sake bugunsa. Aka kai shi babban asibiti a Bantama, aka dawo da shi gida babu magana sam, sai ido da hannun hagu. Abdul'aziz ya zo da motarsa ya ajiye ta a bakin masallaci don layinmu ba ya cin mota. Yaron kirki ne, ba na ɗora masa laifi. Sai dai in uban ya motsa baki, juyawa yake ya ce, "Anti Nusrat, me Baaba ya ce?" Ita kuwa ko ɗagowa ba ta cika yi ba. Filo ya yi masa tudu. Yana so a kashe fanka. Ƙafarsa ce ke ƙaiƙayi. Ba ta taɓa kuskurewa ba, kuma na lura duk lokacin da ta faɗa, idon Ticha kan bi ta har ta fita.

Ranar wata Juma'a bayan la'asar numfashinsa ya canza. Aka kira liman, ɗakin ya cika. Ticha ya ɗaga hannun hagu yana lalube har ya kama wuyan hannun Nusrat. Bakinsa na motsi, ba abin da ke fita sai iska. Ya dube ta, ya dubi mutanen da ke tsaye, ya sake dubanta, hawaye na gangarawa cikin kunnensa.

"Me yake so?" in ji Abdul'aziz.

Ta daɗe tana kallon uban.

"Ruwa," ta ce.

Ta ɗiba a cokali ta kai bakinsa. Ruwan ya bi gefen haɓa ya jiƙa filo. Bai saki hannunta ba har liman ya fara laƙƙana masa kalmar shahada. Kafin kiran magariba ya cika.

Ranar addu'ar bakwai aka kafa rumfuna a layi, aka jera kujerun roba, aka ɗauko lasifika. Ɗalibansa suka zo daga ko'ina, kowa na karɓar makirfo yana faɗin abin da Ticha ya gani a jikinsa lokacin da duniya ta yar da shi. Mu mata muna bayan gida wurin tukwane. Nusrat na zuba shinkafa a robobi, ni ina rufewa.

"Ba ruwa yake so ba," na ce da ita.

"A'a."

"Kin gane abin da yake son faɗa."

"Na gane mana, Mma. So yake in faɗa wa mutane tawa basirar a madadinsa." Ta kankare gefen tukunya da ludayi. "In na faɗa, ai ni na faɗa wa kaina. Yana da baki shekara da shekaru."

Daga lasifika muryar Kassim ɗina ta taso, yana cewa Ticha bai taɓa duban yaro ya rasa abin da Allah ya ajiye a cikinsa ba. Maza suka amsa da Allah ya jiƙansa, mu ma muka amsa daga nan.

Wata mata ta zo kwashe kwanukan wanki, har da kofin Ticha da ƙaramin cokalinsa. Nusrat ta miƙa hannu ta zare cokalin, ta goge shi da gefen zaninta, ta ajiye a kan taga. Sannan ta jawo wata robar ta ci gaba da zubawa.